Layin Haɗa Manhaja da Rumbun Bayanai: Gaskiya da Ƙarya

Layin haɗi ɗan gajeren rubutu ne da manhajar kwamfuta ke amfani da shi ta isa rumbun bayanai. A cikinsa ake rubuta adireshin sabar, da sunan rumbun, da lambar ƙofa, sau da yawa har da sunan mai shiga da kalmar sirrinsa. Masu koyon rubuta manhaja na yaɗa maganganu da dama a kansa, wasu na da tushe, wasu babu.

Gaskiya ne cewa kowane rumbu da nasa tsarin. Layin da aka rubuta wa SQL Server ba zai buɗe PostgreSQL ba, ƙofofinsu na asali ma daban ne: SQL Server 1433, MySQL 3306, PostgreSQL 5432.

Ƙaryar da ta fi haɗari ita ce wai da zarar an harhaɗa manhaja ta zama fayil ɗin exe, kalmar sirrin da ke ciki ta ɓoye ke nan. Ba ta ɓoye ba. Manhajar tana aiki ne a kwamfutar ma'aikaci, kuma akwai kayan aiki kyauta da ke warware manhajar .NET su fito da rubutun ciki ƙarara. In kuwa a fayil ɗin app.config aka ajiye ta, Notepad ma ya isa a karanta. Abin ya fi muni idan asusun da ake kira "sa" aka yi amfani da shi, domin shi ke da ikon komai a SQL Server. Wanda ya samu kalmarsa zai iya share rumbun gaba ɗaya. Mafita ita ce a sa Integrated Security, sabar ta tantance mutum da asusunsa na Windows, ko kuma a ba manhajar asusu mai taƙaitaccen iko.

Ana kuma cewa duk sanda haɗi ya ƙi, layin ne ke da kuskure. Ba kullum ba. Wani lokaci an rubuta layin daidai, wurin ne ya canja: kalmar localhost na nufin wannan kwamfutar da ake kai, shi ya sa manhaja kan yi aiki a wurin wanda ya rubuta ta, ta tsaya cik a ofishin da aka kai ta. Haka nan SQL Server Express na zuwa da TCP/IP a kashe, sai an kunna shi, an kuma buɗe ƙofar a katangar tsaro.

Batun cewa ƙara TrustServerCertificate=True a layin na magance matsalar haɗi rabinsa gaskiya ne. A 2021 Microsoft ya fitar da Microsoft.Data.SqlClient 4.0, wanda ya mayar da rufe bayanai a kan hanya tsarin asali, sai saƙon kuskuren takardar shaida ya yawaita. Ƙara wannan umarni na kawar da saƙon, bayanan kuma na tafiya a rufe, amma manhajar ta daina bincikar ko sabar da ta amsa ita ce ta gaskiya. Ya wadatar a wurin gwaji. Inda ake ajiye bayanan kuɗi ko na marasa lafiya, takardar shaida ingantacciya ya kamata a saka wa sabar.