Igiya Ta Fi Igwa: Abin Da Ƙaramin Jirgin Katako Ke Koyarwa

Duk lokacin da ake ba da labarin yaƙi, abu biyu mai sauraro ya fi son ji: wane ne jarumin, kuma makamai nawa ya riƙe. Haka littattafan tarihi suka saba kawo mana labarin yaƙin ruwa na Tarafalga, wanda aka gwabza ranar 21 ga Oktoba, 1805, a gaɓar kudancin Sipaniya. Za a ce maka jiragen Ingila 27 ne suka karya jiragen Faransa da Sipaniya 33, cewa Admiral Nelson ne ya jagoranci Ingilishi, kuma jirgin da yake ciki, wato HMS Victory, igwa 104 yake ɗauke da ita. Duk wannan gaskiya ne. Amma ni da na shafe watanni ina ɗaura igiyoyin ƙaramin samfurin wannan jirgi da aka sassaƙa da katako, na ga wani abin da marubuta tarihi kan tsallake: igwa ba ta kai kanta fagen fama, igiya ce take kai ta.

Na san mai karatu zai ce, me ya haɗa mutumin da ke zaune ɗaruruwan kilomitoci daga bakin teku da jirgin ruwan Turawa, balle har ya ɓata idonsa a kan ɗan kwaikwayonsa? Amsar tana cikin tarihinmu. Nasarar Tarafalga ce ta tabbatar wa Ingila ikon tekuna na kimanin shekara ɗari. Da wannan iko ta girke rundunar jiragenta a gaɓar Afirka ta Yamma tun daga 1808, da shi ta yi wa Legas ruwan wuta a 1851, sannan ta haɗiye ta a 1861. Hanyar da ta kai ga faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 daga teku ta faro. Ashe kuwa ya kamata mu san yadda abin da ya buɗe wannan hanya yake aiki.

Bari mu fara da shi kansa jirgin. An aza harsashinsa a ma'aikatar jirage ta Chatham a 1759, bisa zanen Sir Thomas Slade, aka tura shi ruwa a 1765. Ya ci itatuwa kimanin 6,000. Ba shi da inji, ba shi da mai. Ƙarfinsa duka daga iska yake, wadda manyan ƙyallaye har 37 suke kamawa. Waɗannan ƙyallaye suna rataye ne a jikin sandunan gicciye, su kuma sandunan suna jikin dogayen ginshiƙai uku, na tsakiyarsu ya haura mita 60 daga saman ruwa. Abin da ke riƙe da wannan gini duka, yake kuma juya shi, igiya ce mai tsawon kusan kilomita 42, tana ratsawa ta cikin kura 768, irin kurar da muke jan guga da ita a bakin rijiya. Mutum fiye da 800 ne ke cikin jirgin ranar Tarafalga, kuma ƙwararrun cikinsu sun san kowace igiya da sunanta da maɗaurinta, ko da tsakar dare ne ana hadari.

Samfurin da nake aiki a kansa an rage shi ne zuwa kashi ɗaya cikin 72 na ainihin girman jirgin. Sassaƙa gangar jikin da jera allunan katako yana da nasa wuyar, amma duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san cewa a wajen igiya ake gane gwani. Idan aka raba kilomita 42 gida 72, za a samu zare kusan mita 580, kuma ba kauri ɗaya ba ne. Igiyar da ke riƙe babban ginshiƙi daga gaba ta kusa kai kaurin cinyar mutum a jirgin gaske. A samfurin kuwa ba ta wuce milimita biyu da 'yan kai ba. Wasu kuma siririn zare ne kamar na ɗinkin hula. Wanda ya yi amfani da zare iri ɗaya ko'ina, to jirginsa zai fito kamar an yafa masa saƙar gizo-gizo, ko mai ido ɗaya zai gane ƙarya ce.

Igiyoyin kashi biyu ne. Kashi na farko su ne tsayayyu, waɗanda ba a jan su, aikinsu kawai su riƙe ginshiƙai kada su faɗi. A jirgin gaske ana shafe su da kwaltar itace don kada ruwan gishiri ya cinye su, shi ya sa ake yin su da zare baƙi ko mai duhu. Kashi na biyu su ne masu gudu, waɗanda ake ja ana saki don ɗaga ƙyalle, ko sauke shi, ko juya sandar gicciye ta fuskanci iska. Su launin asalin igiya ake bar musu. Ƙa'idar aikin ita ce a gama tsayayyu kafin a taɓa masu gudu, a fara daga ƙasa a yi sama, daga ciki a fito waje. Wanda ya yi gaggawar ɗaura na waje, zai tarar ya rufe wa hannunsa hanya, sai dai ya koma tufka da warwara.

Ko a cikin tsayayyun ma akwai tsari. Igiyoyin da ke sauka daga wuyan ginshiƙi zuwa gefen jirgi bibbiyu ake sa su: na dama tukuna, sannan na hagu, a sake komawa dama, har a gama, kamar yadda ake yi a ainihin jirgin. Ƙarshen kowace igiya yana naɗe da wani kewayayyen katako mai huda uku, akwai kuma ɗan'uwansa kafe a jikin jirgi. Ana zura siririyar igiya tsakanin hudojin biyun a ja, ta haka ake ɗaure babbar tamau. A samfurin, waɗannan katakai ba su fi ƙwayar wake ba, wasu ma ƙwayar dawa. Da matsefata ake kama su, kuma sai an lanƙwasa 'yar waya a matsayin ma'auni, don tazarar kowane biyu ta zo daidai da ta maƙwabtansu.

A nan ne darasi na farko yake. Igiya ɗaya ba ta tsayar da ginshiƙi. Idan aka tsananta ja a dama, sai ya karkata dama. Idan aka matsa ta gaba fiye da kima, na baya su saki, kan ginshiƙin ya sunkuya. Kowace igiya tana aiki ne da ƙarfin kishiyarta, kuma miƙewar ginshiƙin alama ce ta cewa babu wadda ta fi ƙarfin 'yar'uwarta. Mu nan ma yanayi yakan sa baki, domin zaren auduga yana ɗamewa da damina, ya saki da hunturu. Dole mai ɗauri ya bar wa zare ɗan numfashi, ya kuma tanadi akwatin gilashi saboda ƙurar hunturu, wadda in ta shiga tsakanin zarurruka ba ta fita da sauƙi.

Sai kuma aikin da ke gwada haƙuri, wato tsanin igiya da matuƙa ke takawa su hau sama. Siraran igiyoyi ne da ake gittawa a kan waɗancan na gefe, ana ƙulla su a kan kowace ɗaya. A ma'aunin samfurina tazarar mataki da mataki kamar milimita biyar ce. Akan ja layuka a takarda a sa ta baya don matakan su daidaita, a bi zaren da kakin zuma don gashinsa ya kwanta, a ƙulla, a ɗiga ɗan gam mai ruwa-ruwa, a wuce na gaba. Ƙulli ne dubbai, iri ɗaya, babu wanda zai tsaya ya yaba wa guda ɗaya a cikinsu. Amma layi ɗaya ya karkace, shi ido zai fara gani. Masu iya magana suka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Game da igiyoyi masu gudu, doka ɗaya ce ba ta da sassauci: kowace igiya sai an san inda ta faro, kurar da ta ratsa, da turken da aka ɗaure ta. Ba a ƙirƙiro wannan daga kai. Akwai littafin da David Steel ya wallafa a 1794 kan ɗaurin igiyoyin jirage, wanda ya jera kaurin kowace igiya gwargwadon girman jirgi. Akwai kuma na C. Nepean Longridge na 1955, wanda ya bayyana yadda ya gina samfurin wannan jirgi na Victory dalla-dalla. Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne, fiye da shekara 200 da suka wuce, wata hukuma ta zauna ta rubuta awon kowace igiya, har ya zama yau mutum yana iya sake ɗaura ta daidai a kan teburinsa.

Wannan ya kai ni ga abin da ke bayan igiyar. Tsiron da ake tufka ta da shi, mai kama da ramarmu a aiki, yawancinsa daga Rasha ake sayo shi, kwaltar kuma daga ƙasashen tekun Baltik. Tsoron kada a toshe wannan hanya yana cikin dalilan da suka sa Ingila ta kai wa Kofanhegan hari a 1801. A Chatham akwai rumfar tufka mai tsawon fiye da mita 300, wadda har yanzu ake tufka igiya a cikinta. Cikin kowace igiyar gwamnati akan saka zare ɗaya mai launi na daban, don in an sace ta aka kai kasuwa a gane ta. Kura kuwa, rundunar tana buƙatar kimanin 100,000 a shekara. Don haka aka kafa injuna a Portsmouth bisa ƙirar Marc Brunel, wanda shi kansa haifaffen Faransa ne, har ya zama a 1808 suna fitar da kusan 130,000 a shekara, mutum goma suna yin aikin da a da sai mutum 110.

Su kansu abokan gaba sun san inda ran jirgi yake. Faransawa sun saba auna igwoginsu sama, su harba dunƙulen ƙarfe biyu haɗe da sarƙa don su tsinka igiyoyi. A Tarafalga sun kakkarya ginshiƙin baya na Victory, sun farfasa sitiyarinsa, har sai da aka koma juya shi da igiyoyi daga ƙasan bene. Ɗaya daga cikin ƙyallayensa na wannan rana yana nan ajiye, da huda kusan 90 a jikinsa. Nelson ya rasu a cikin jirgin, kuma bayan nasarar, jirgin da ya ci yaƙi bai iya kai kansa tasha ba, sai da wani jirgi mai suna Neptune ya ja shi zuwa Jibiralta. Igwoginsa suna nan, amma da igiya ta tsinke, ya zama gungume a kan ruwa.

Tun 1922 Victory yake zaune a busasshiyar tashar gyara a Portsmouth. A 2011 aka sauke sassan sama na ginshiƙansa, a 2021 kuma aka cire gindin na tsakiya, saboda gagarumin aikin gyara na shekaru masu yawa. Saboda haka a samfuri ne aka fi ganin cikakken ɗaurinsa. Ɗaya daga cikin fitattun samfuran ma na ɗan asalin ƙasar nan ne, Yinka Shonibare, wanda a 2010 ya kafa jirgin cikin ƙatuwar kwalba a dandalin Tarafalga na Landan, ya yi masa ƙyallaye masu zanen atamfa. Daga baya aka mayar da shi ƙofar gidan tarihin jiragen ruwa da ke Greenwich.

Abin da nake son masu ilimi irinmu su duba shi ne ɗabi'armu ta ƙaunar igwa da raina igiya. Muna son babban gini, da sabuwar na'ura, da bikin yanke ƙyalle, amma mai auna kusa, da mai rubuta lissafin kayan gyara, da mai zagayawa kullum yana duba abin da ya saki, ba mu cika ganin girmansu ba. Injiniya da likita da ma'aikacin ofis duk sun san cewa abin da ke durƙusar da babban aiki yawanci ƙaramin abu ne da aka ƙyale. Ban ce kowa ya sayi katako da zare ba, amma ina ganin duk uban da ya samu hali, ya ba ɗansa wani aikin hannu da ba a gama shi a yini ɗaya, wanda kuma ba ya karɓar ha'inci. Yaron da ya ƙulla ƙulli dubu daidai, ba don za a duba ba, shi ne gobe za a iya danƙa wa amanar gada ko asibiti a kwana lafiya.