Wiwi ba maganin ciwon ido ba ce

Masu cewa tabar wiwi tana wanke ido sun tsinci guntun gaskiya ne suka yi mata riga. Idon mutum yana da wasu makarɓai da sinadaran wiwi ke maƙalewa a jikinsu: CB1, da aka gano a 1990, da CB2, a 1993. Na biyun ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma da aka zaburar da shi a idon ɓeraye, kumburin cikin ido ya lafa. Amma da tataccen sinadari aka yi gwajin, ba da hayaƙi ba.

Za a ce ai tun 1971 aka nuna wiwi tana sauƙar da hawan jinin ido. Haka ne, sai dai na awa uku zuwa huɗu kawai, cutar kuwa ba ta hutu dare da rana. Amosanin ido da ya daɗe yana addabar ƙauyukan Jigawa kuma ƙwayar cuta ce da ƙuda da hannu marar tsabta ke yaɗawa. Mai fama da shi a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura ba wiwi ba, maganin azitromaisin yake buƙata, da wanke fuska, da tiyata idan gashin ido ya juya yana kartar ƙwayar idon.