Ranar Masu Suga a Wani Asibitin Karkara

Tambaya guda ce ta kai ni asibitin nan: idan an ce wa mai ciwon suga ya canja cima, me ake zuba masa a kwano da daddare? Na tarar da benci cike tun da sassafe, ba wanda ya karya saboda gwajin jini. Jami'ar da ke duba su ta ba ni kujera, ta ci gaba da aikinta.

Kusan duka manya ne, masu nau'i na biyu, wanda ke damun fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon a duniya. Jikinsu ba ya amfani da sinadarin insulin yadda ya kamata, sai suga ya taru a jini. Jami'ar ta maimaita musu karatun: tuwo da shinkafa da burodi duk suga suke komawa, a rage malmala, a yawaita ganye da wake, a bar lemon kwalba, a riƙa tattaki ko da minti 150 ne a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Kowa ya gyaɗa kai. Wasu ma sun haddace shi.

Wata dattijuwa da suganta ya hau sosai ta dawo kusa da ni ta zauna, tana murza ƙafa.

"Inna, maganin ne ya ƙare?"

"Magani ina sha, ɗan nan, safe da dare, ban taɓa fashi ba. Tukunyar ce ba tawa ba."

Tun rasuwar maigidanta take zaune wajen babban ɗanta. Surukarta ke girka wa gida duka: tuwon masara da dare, ɗumame da safe, rana taliya. "Yarinyar kirki ce wallahi. Amma da wane baki zan ce ta ɗora mini tukunya daban, ga goyo, ga itace da tsada? Sai a ce tsohuwa ta tsiro da iyayi." Ɗan nata ya taɓa sayo mata acca, da ta ji kuɗin mudu sai ta hana shi ƙarawa. In ta rage rabin malmala, surukar ta tsargu ko girkin ne bai yi daɗi ba, sai ta daure ta cinye. A gidan suna kuwa a hannu ake danƙa mata lemo, ƙin karɓa kuma raini ne.

Tattakin ma ta gwada. "Ina fita da sassafe maƙwabta suka hau tambaya, lafiya, ko rasuwa aka yi?" Yanzu tsakar gida take zagayawa bayan sallar asuba, tana lissafi da carbi. Abin da ke hana ta barci shi ne tafin ƙafarta, da ke mata zafi kamar an zuba barkono. Ta san inda hakan ke kaiwa, domin yayarta da ɗan ƙaramin miki ta fara, har aka yanke ƙafar.

Ana yawan cewa masu ciwon nan taurin kai gare su. Akwai dai masu ajiye magani su koma shan shuwaka da zarar sun ji dama, da mazan da shayin majalisa ya fi ƙarfinsu. Ita kam ban ga taurin kai a tare da ita ba. Kara ce da kunya, halayen da aka yabe ta da su tsawon rayuwarta, yau suke cin lafiyarta.

Ashe jami'ar tana jin mu. Ta matso ta ce, "Inna, ba sai an ɗora miki tukunya daban ba. Tuwon gidan za ki ci, a rage shi, a ƙara miki zogale da wake. Wata mai zuwa ki zo mini da surukar taki, ni zan yi mata bayani."

Dattijuwar ta yi jim. "Sai dai ki rubuta a takarda in kai wa babban nawa. In daga bakina ne, ba zan iya ba."

Jami'ar ta rubuta, ta buga hatimin asibiti, ta kira na gaba.