Ɗura Takan Kai Kunu Cikin Huhu

A Manga da sauran ƙauyukan ƙasar Zuru, in yaro ya ƙi shan kunu, dabarar da muka gada ita ce ɗura. Uwa ta kwantar da shi a cinya, ta tara kunu a tafin hannu, ta toshe masa hanci. Ba mugunta ba ce, tsoro ne kada yaro ya rame. Amma bari mu duba yadda Allah ya shirya wuyan mutum.

Hanya biyu ke cikin wuya, sun rabu ne daga bayan harshe. Ta gaba ta iska ce, tana zuwa huhu. Ta baya ta abinci ce. Mai tsaron mararrabar nan yana gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Duk sa'ad da muka haɗiye abu, shi ne ke tsai da numfashi na kamar daƙiƙa 1, maƙogwaro ya hau sama, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska. Ka ɗora yatsa a wuyanka ka haɗiye miyau, za ka ji motsin. In abu ya kuskure ya bi hanyar iska, sai a ƙware, tari ya tunkuɗo shi waje.

To, yaron da aka toshe wa hanci dole ya ja iska ta baki, bakin kuwa cike da kunu, ga shi yana kuka. Ina mai tsaro zai sami zarafin rufe ƙofa? Kunu ya gangara huhu, bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da haki, mu ce sanyi ne ya kama shi. Ku ƙidaya numfashinsa yana kwance shiru. In ya kai 50 a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, a kai shi asibitin Zuru ran nan, kada a kwana.

A zaunar da yaro, a ba shi da cokali kaɗan kaɗan. In ya yi tari a dakata.

Maza kada su yi dariya, gama mu ma muna yi wa tumaki ɗura. In za ka ba tunkiya maganin tsutsar ciki, kada ka ɗaga kanta sama ƙwarai, kada ka riƙe harshenta. Sa bakin kwalba ta gefen baki, ka zuba a hankali, ka jira ta haɗiye kafin ka ƙara.