Sana'ar Cikin Gida: Jari Kaɗan, Rufin Asiri Babba

Masu iya magana sun ce da zaman banza gara aikin kishiya. Duk wanda ya ratsa lungunan Nima da Maamobi bayan sallar asuba ya san iyayenmu mata sun riƙe wannan magana da hannu biyu. Kafin gari ya waye an dama koko, an toya ƙosai da masa, tukunyar shinkafa da wake kuma tana tafasa da karan dafi da kanwa. Wannan abinci da duk Ankara ke kira waakye, daga kalmarmu ta wake ya samo suna, kuma ya biya wa 'ya'yan Zango da dama kuɗin makaranta.

Ba abinci kaɗai ba ne. Akwai masu ɗinki da kitso da lalle, da masu dama fura, da masu ƙulla yaji da sabulu, da maza masu surfani a zaure. Jarin bai taka kara ya karya ba: olonka ɗaya ta gero ta isa a fara koko.

Amma fa sana'ar ɗaki da kasuwa take numfashi. Shekara da shekaru daga Agbogbloshie matanmu ke saro albasa, wadda ake kawowa daga Galmi ta Nijar da kuma Bawku. A watan Yuli na 2021 hukuma ta tashi 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku, can wajen Amasaman. Tafiya ta yi nisa, kuɗin mota ya ci riba. Sai ga tsadar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Dabarar da muke ba 'yan'uwa ita ce mata huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, ɗaya ta je ta saro buhu a raba.

Wajen ajiya ma sai an buɗe ido. A 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347. Saboda haka adashe, wato susu, a yi shi da waɗanda aka sani, a kuma riƙa rubutawa. Kuɗin waya da MTN ta fara a 2009 ya sauƙaƙa wa mai sana'ar gida karɓar kuɗi ba tare da ta fita ba, harajin E-levy da aka ɗora masa a 2022 kuma an soke shi a 2025. Sai dai kada a ba kowa lambar sirri, ko da ya ce daga kamfani yake.

Mai sayar da abinci ta nemi takardar gwajin lafiya daga hukumar gunduma. A raba uwar kuɗi da kuɗin cefane, don bashin maƙwabta da anko su ne ke cinye jari.

Abu na ƙarshe, kuma mafi nauyi, shi ne talla. Tun Satumbar 2017 karatun babbar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati. Ribar faranti ɗaya ba ta kai a hana yarinya aji ba. A ajiye tebur a ƙofar gida, a bar ta ta tafi makaranta.

Allah ya sa wa nemanmu albarka, amin.