Yadda Ake Gama Shimfiɗar Tebur ta Ƙyallaye

Ku dubi saƙar zuma. Kowane gida a cikinta kusurwa shida gare shi, kuma duk sun haɗu ba giɓi. Haka ɗinkin da za mu yi magana a kansa yake. Matan Ingila sun fi shekara 200 suna yin sa. A 1835 wata mujallar mata a Amurka ta buga fasalinsa. A zamanin dā takarda tana da tsada, saboda haka tsofaffin wasiƙu suke yankawa.

Ga yadda ake fara shi. Mukan yanka takarda mai kusurwa shida, mu naɗe ƙyalle a kanta, mu kama shi da zare. Sa'an nan mu haɗa guda da guda da allura. Ɗaya a tsakiya, shida kewaye da shi, sun zama fure. Furanni da yawa a jere su ne doguwar shimfiɗa ta tsakiyar tebur. Guntayen atamfa da tela ke zubarwa sun isa wannan aiki.

To, wurin gamawa ake yin hasara. Aikin watanni yana iya lalacewa a wankin farko. Ku lura da matakan nan.

Na ɗaya, mu goge shimfiɗar da dutsen guga tun takardun suna ciki. Guga ita ke tsai da lanƙwasar ƙyalle. Bayan haka mu warware zaren kamun, mu zare takardun tsakiya. Na bakin gefe su ne na ƙarshe, don su ke riƙe da kusurwoyin.

Na biyu, mu gyara baki. Bakin shimfiɗar nan ba miƙaƙƙe ba ne, kamar haƙoran zarto yake. Muna iya cike giɓin da rabi-rabin ƙyalle. Muna kuma iya yanke shi ya miƙe. Amma kafin almakashi ya taɓa shi, mu bi gefen da ɗinki ƙanana, daga cikin inda za mu yanka. In ba haka ba, duk zaren da aka datse zai warware.

Na uku, mu haɗa hawa uku. Shafi a ƙasa, bayansa yana kallon sama. Tsohon bargo marar kauri a tsakiya. Ƙyallayen a bisa. Shafi da bargo su fi na saman faɗi da inci 2 ta kowane gefe, gama ɗinki yana jan yadi. Mu kama su da dogon ɗinki na wucin gadi.

Na huɗu, mu ɗinke hawa ukun tare. Daga tsakiya za mu fara, mu nufi gefe. Wanda ya fara daga gefe zai tara yamutsa a tsakiya. Allura ta riƙa ratsa hawa ukun duka, tana bin siffar kowane guda.

Na biyar, mu rufe baki. Mu daidaita gefen da almakashi. Mu yanka tsirin yadi mai faɗin inci 2, mu ninka shi biyu a tsawonsa. Mu ɗinka shi ta fuska, mu juya shi baya, mu kalmashe. Sai mu zare ɗinkin wucin gadi.

Tun kafin a fara, a jiƙa kowane yadi a ga ko yana zuba. Wankin shimfiɗar kuwa da ruwan sanyi ne, ba a murɗa ta. A shanya ta a kwance cikin inuwa.

Sannu ba ta hana zuwa. Shimfiɗar da aka gama da kyau za ta daɗe a gida, in kuwa an kai ta kasuwa, mai saye bakinta zai fara dubawa.

Tambayoyi
1. Ƙyallaye nawa ne a fure ɗaya?
2. Don me ake fara ɗinki daga tsakiya?