Ina Baƙin Man Motarka Yake Tafiya?

Duk ranar Lahadi, tun da sassafe hanyar da ta taso daga Daura zuwa Mai'adua take cika da motoci, domin ranar ce kasuwa ke ci. Masu dabbobi na shigowa daga Nijar ta iyakar Kwangwalam, manyan motoci na lodin shanu zuwa Kudu, ƙanana kuma na jigilar mutane da buhunan hatsi. Idan ka lura da ƙananan, za ka ga Golf 3 da Sharon da tsofaffin J5 ne suka fi yawa. An daina ƙera Golf 3 tun ƙarshen shekarun 1990, J5 kuwa ta riga ta barin masana'anta. Yawancinsu sun gama yi wa Turawa aiki kafin su sauka a Kwatano, sannan suka fara wata sabuwar rayuwa a hannun direbobinmu. Shi ya sa da wuya ka buɗe but ɗin ɗayansu ba ka tarar da galan ɗin baƙin mai na ciko ba.

Direba zai ce maka, "Motar nan tana shan mai." Ya je gareji, kafin a buɗe bonet an riga an yanke hukunci: "Ring ne, Alhaji, sai an sauke inji." Wani lokacin gaskiya ne. Amma sau da yawa ana sauke inji a kashe kuɗi masu yawa a kan matsalar da ƙaramar roba ko tiyo guda za su magance. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da direban haya ke komawa gida da shi ya ragu ƙwarai, don haka bai kamata a yi masa gyara da ka-ce-na-ce ba. Baƙin mai ba ya ɓacewa haka kawai. Ko dai yana zuba a waje, ko inji yana ƙona shi, ko yana shiga cikin ruwan lagireto, kuma kowace hanya tana barin alama.

Matakin farko shi ne sanin yawan abin da ke raguwa. A ajiye mota a wuri mai daidai, a kashe ta, a jira kamar minti goma man ya koma ƙasa, sannan a zaro geji a goge a sake tsomawa. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita guda ne, injin Golf 3 kuwa gaba ɗaya kusan lita huɗu yake ɗauka. Kamfanonin mota da kansu sun yarda lafiyayyen inji yana ɗan cin mai, wasu littattafansu ma sun amince da rabin lita zuwa lita guda a tafiyar kilomita 1,000. Matsalarmu ita ce mitar motoci da dama ta daɗe da mutuwa, wasu kuma an juya ta baya kafin a sayar. To sai a ƙirga da zirga-zirga. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, don haka zuwa da dawowa sau shida ya kusa kilomita 1,000. Motar da ke neman lita guda bayan sawu biyu tana da ciwo na gaske. Kada kuma a jira jar fitilar nan ta kama, domin ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin bugawarsa take aunawa, kuma lokacin da ta kama inji ya fara cin kansa.

Daga nan sai a nemi yoyo, domin shi ya fi sauƙin gyara. A wanke inji tas, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. A ƙasa mai rairayi irin tamu ɗigon mai yana nutsewa ba a gani, kwali ne zai tona asiri. Mai yana gangarowa ƙasa ne, iska kuma tana kora shi baya, saboda haka inda ya taru ba nan ne ya fito ba. A bi sawunsa zuwa sama. Gasket ɗin murfin saman inji yana bushewa da zafi, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin rana ke haura digiri 40. Akwai wanshan kusar juye da ake ta maimaita amfani da shi, da filtar da ba a ɗaure da kyau ba, da ƙaramin maɓallin fitilar mai wanda kan tsage ya riƙa tsiyaya. Idan ɗigon yana fitowa daga mahaɗar inji da giyabos, oyil sil na baya ne, aikinsa yana da ɗan yawa amma bai kai buɗe cikin inji ba.

Akwai wani abu da kanikawa da yawa ke tsallakewa. Kowane inji yana da hanyar numfashi, wato tiyo da ɗan bawul da ke fitar da tururin da ke taruwa a cikinsa. Idan datti ya toshe hanyar nan, iska takan matse a ciki ta riƙa tura mai ta kowace kafa, sai ka ga an canza sil yau, bayan mako biyu ya sake zuba. Wanke tiyon ko canza shi aikin awa guda ne.

Idan ƙasa a bushe take amma mai na raguwa, to ƙonewa yake yi, kuma salansa ce shaida. Hayaƙin baƙin mai shuɗi-shuɗi ne, yana da ƙauri. Baƙin hayaƙi na fetur ne da ya yi yawa, wannan wata matsala ce daban. Lokacin da shuɗin ke fitowa shi ke nuna inda ciwon yake. Idan da safe ne kawai, da an tayar da mota ya yi bul sannan ya ɗauke, ko bayan an daɗe a tsaye a shingen kwastan inji na aiki, to robobin bawul ne suka taurare, mai na zurarewa ta sama. Idan kuwa hayaƙin na ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur da lodi, nan ne za a fara zargin ring. Ko a nan ma akwai gwaji kafin a kwance komai. A ciro filogi a ga wanne ya jiƙe da mai, a auna matsin kowace silinda da gejin kwamfireshan, sannan a ɗiga mai kaɗan a wadda ta yi rauni a sake aunawa. Idan matsin ya tashi, ring ne. Idan bai motsa ba, a duba bawul ko gasket. Gejin nan ba shi da tsada, kuma ina ganin duk garejin da ke sauke inji ya wajaba ya mallake shi.

Hanya ta uku ita ce mafi haɗari. Idan ka zaro geji ko ka buɗe murfin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwan lagireto na raguwa, salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri ko bayan inji ya yi zafi, gasket ɗin tof ya ƙone. Wannan motar a ajiye ta, tafiya da ita ko zuwa Daura na iya sa inji ya buga.

Abin da ke cinye ring a yankinmu kuwa ba tsufa kaɗai ba ne, ƙura ce. Hunturu na sauko mana da ita daga Sahara, hanyoyin ƙauyukan da ake ɗauko kaya ranar kasuwa kuma burji ne da yashi. Filtar iska ce kaɗai ke tsare inji, amma za ka ga an kakkaɓe ta an mayar har ta yage, wani ma ya cire ta ɗungurum wai don mota ta ƙara gudu. Ƙurar da ta shiga tana gauraya da mai ta riƙa goge bangon silinda. Sai kuma jabun mai da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha gargaɗi a kansa. Zuba mai kauri irin 20W-50 yana rage hayaƙi a tsohon inji, kuma ba laifi ba ne, sai dai ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye. Wanda ya sa sabon ring ya bar yagaggiyar filta, kafin hunturu biyu zai sake komawa gareji da galan a but.